Saura Zango Nawa?

Mun yi kamar awa guda da tashi daga Kano kafin Goggo ta ce uffan. Tun da tayoyin jirgi suka rabu da ƙasa idonta a rufe yake, hannu ɗaya yana jan carbi, ɗayan ya damƙe hannun kujera kamar wadda aka ɗora kan raƙumin da bai gama horuwa ba. Da ta ga dai ba a faɗo ba, sai ta buɗe ido ta ƙura shi kan ɗan allon da ke manne a bayan kujerar gabanta. Taswira ce a jiki, da wani ɗan farin jirgi yana rarrafe kamar kiyashi a kan ƙasa mai launin yashi, ga lambobi suna ta sauyawa a gefe. Ta taɓo ni.

"Kai ɗan nan, saura zango nawa?"

Na ce, "Goggo, ai babu zango. Daga nan sai Jidda."

"To, da sauran nisa ke nan?"

Na leƙa allon na karanta mata: saura kilomita 2,700. Na faɗa da ɗan ji da kai irin na ɗan boko in an tambaye shi abin da ya sani. Ta yi mini kallon da take yi mini tun ina yaro, in an aike ni sayen manja na dawo da man gyaɗa.

"Ni ba lissafi na tambaye ka ba. La'asar a sama za ta riske mu ko a ƙasa?"

Nan na daburce. Sai da na koma ƙirge da yatsu. Tafiyar awa huɗu da rabi ce, mun ci ɗaya. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Gabas muka nufa, wato muna gudu muna barin rana a baya, yinin zai gajarce mana. Allon da ya san tsayinmu daga ƙasa da sanyin iskar waje da gudun jirgi bai tanadi amsar wannan tambaya ba. Na dai ce mata, in Allah ya so a ƙasa za mu yi ta, sai dai za ta ɗan riga mu isa.

Tun daga wannan tafiya ta umara, wadda muka yi kafin yaƙin Sudan ya ɓarke, nake juya kalmomi biyu a baki: nisa da tazara. Gidajen rediyo suna musanya su yadda suka ga dama. Yau a ce gari kaza yana da nisan kilomita 200 daga Kano, gobe a ce tazarar kilomita 200, ba wanda zai ce an yi kure. Amma kunnena yana jin bambanci. Tazara fili ce tsakanin abu biyu da suke zaune a inda suke: kunya da kunya a gona, sahu da sahu a masallaci, haihuwa da haihuwa. Ana auna ta a rubuta, ta zauna yadda take ko da babu kowa a wurin. Nisa kuwa sai da mai tafiya, sai da ƙafar da za ta gaji ko zuciyar da za ta ƙosa. Shi ya sa kalmar take barin hanya ta shiga ko'ina. Dare ya yi nisa, karatu ya yi nisa, ciwo ya yi nisa, rigima ta yi nisa har ta fi ƙarfin dattawan unguwa. Ban taɓa jin an ce dare ya yi tazara ba. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira, in ji masu iya magana, kuma galibi wanda ake nufi yana zaune a tsakar gida ana kallonsa. Abin da na karanta wa Goggo a allo tazara ce. Ita kuwa nisa ta tambaya.

Tazarar Kano da Jidda ta sama ta kai kimanin kilomita 3,400. Yadda ake samun wannan lamba kowa zai iya gwada shi a gida. A samu lemo, a soka tsinke biyu a jikinsa, a ɗaura zare a ɗaya a ja shi zuwa ɗayan har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta tsakanin tsinkayen. In aka ci gaba da jan zaren a kan wannan layi har ya zagayo inda ya fara, zai raba lemon gida biyu daidai wa daida, kuma wannan zobe shi masana lissafi suke kira babbar da'ira. Duk lambar da aka ba ka tsakanin birane biyu masu nisa, tsawon wannan zare ne aka auna a jikin duniya. Na Kano da Jidda yana bi ta kudu maso gabashin Nijar, ya gifta ta gefen Tafkin Chadi, ya ratsa Chadi da arewacin Sudan, ya tsallake kogin Nilu, ya faɗa Bahar Maliya.

Abin da yake rikita mu ita ce taswirar da muka taso muna gani a bangon aji, wadda asalinta ke komawa ga wani mai zanen taswira, Mercator, a 1569. Don matuƙan jiragen ruwa aka zana ta, kuma ɓawon lemo ne aka ɓare aka shimfiɗa da ƙarfin tsiya, dole ta yi ƙarya a wani wuri. Tana kumbura ƙasashen ƙuryar arewa har Girinlan ta yi kamar za ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. A kan irin wannan taswira miƙaƙƙiyar hanya takan fito a lanƙwashe, sai fasinja ya ga ɗan farin jirgin nan yana yin baka, ya zaci matuƙi ne yake kewaye da su.

Mu a ƙasar Hausa mun huta da wannan ruɗani a wurin salla, domin gabas da alƙibla sun kusa zama kalma ɗaya a bakinmu. In aka ce mutum ba ya kallon gabas, an gama da shi. In tsofaffi suka ce wane ya tafi gabas, kowa ya san ina ake nufi. Alƙiblar Kano dai ba gabas sak ba ce, ta ɗan karkata arewa, amma karkatar ba ta isa ta raba kalmomin biyu ba. Bahaushen da ya je neman kuɗi New York shi ne yake gamuwa da abin mamaki. Taswirar bango tana nuna masa Makka a kudu maso gabas, liman kuma ya juya shi arewa maso gabas. Liman ne da gaskiya, zaren lemo yake bi. Wannan lissafi malaman Musulunci sun daɗe suna fama da shi saboda salla. Albiruni ya rubuta littafi sukutum wajen shekarar 1025 kan gano matsayin garuruwa da tazarar da ke tsakaninsu, kuma cikin abin da yake nema har da alƙiblar Gazna, a Afganistan ta yau. Matuƙin da ya nufi Jidda da tsohuwar da ta shimfiɗa buzu a tsakar gida, kusan layi ɗaya suke nema.

Tazara tana da iyaka, wannan ma abin lura ne. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, saboda haka babu gari biyu a bayan ƙasa da za su rabu fiye da 20,000. In ka wuce nan, ka fara komawa gida ta ƙofar baya. Jirgin fasinja da ke tashi daga Singafo zuwa New York ba tare da ya sauka ko'ina ba yana cin sama da kilomita 15,300, a cikin awa 18 da ɗoriya, kuma zarensa yana wucewa dab da ƙuryar arewa ta duniya. Sai dai jirgin ba kasafai yake bin zaren ba. Can sama akwai kogunan iska masu ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, matuƙa kuwa sun gwammace su ƙara hanya su samu iska a bayansu, da su bi gajeriya suna kokawa da ita. Lambar da ake bugawa a littafi hanya ce da kusan ba mai binta daidai.

Kakanninmu da jikinsu suke awo. Fili da taki, yadi da kamu, rijiya da gaba. In abin ya wuce haka sai a koma ga rana: tafiyar hantsi, tafiyar yini, kwana uku, kwana arba'in. Kuma yinin ba na kowa da kowa ba ne. Na mai doki daban, na jaki da kaya daban, na mace mai goyo daban, na damina da rafi ya kawo daban. Mutanen birni suna yi wa na karkara dariya in sun tambayi hanya aka turo baki aka ce "nan ne kusa," su yi ta tafiya har rana ta take. To ai mutumin bai yi ƙarya ba. A ƙafarsa kusa ne, taka ƙafar ce bai auna ba.

Zango shi ne ma'aunin doguwar hanya. Inda ayari zai sauka ne a kwance wa dabbobi kaya, a samu ruwa da itace, madugu ya je ya gaida mai gari a biya abin da za a biya. Fataken goro da ke zuwa Gwanja watanni suke yi a hanya, zango bayan zango, kuma wasu zangunan suka ƙi tashi suka zama unguwanni. Har gobe a Kumasi da Ankara sunan da ake kiran unguwannin baƙi Musulmi ke nan. Kalmar ta shiga makaranta ma, shekarar karatu zango uku ce. Wanda ya tambayi saura zango nawa, yana tambayar sau nawa zai huta ne, sau nawa zai ga sababbin fuskoki, sau nawa za a iya tare shi.

Da Turawa suka zo da mil, bai yi wa bakinmu nauyi ba, wataƙila don Larabci ya riga ya kawo mana shi, wataƙila kuma don shi ma da ƙafa a cikinsa: asalinsa taki dubu ne na sojan Rum. Ya zauna har ya zama sunan wuri, ga Mil Tara nan a hanyar Katsina. Kilomita ce ba ta da dangi da jikin mutum ko kaɗan. Faransawa ne suka yanko mita daga jikin duniya a shekarun 1790, suka ce kashi ɗaya ce cikin miliyan 10 na tazarar ƙuryar arewa zuwa layin da ya raba duniya biyu a tsakiya, aka tura masana biyu suka shafe shekaru suna awo daga Dunkirk zuwa Basalona. Matuƙan jirgin sama kuwa da wani mil ɗin suke aiki, na teku, mai mita 1,852, shi ma daga da'irar duniya aka ciro shi. Wuri ɗaya tak ƙafa ta rage a cikin jirgi, wurin auna tsayi. Sai ka ji matuƙi yana sanarwa cewa muna tafiya a ƙafa 37,000. Ƙafar da aka hana ta taka hanya, an tayar da ita tsaye tana auna sama.

Da ɗan farin jirgin ya shiga Sudan na gaya wa Goggo. Ta miƙa wuya ta leƙa taga, ba komai sai jan yashi da inuwar gajimare jefi-jefi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baffa yana nan ƙasa."

Ƙanen mahaifinta take nufi. Ba ta yi wayo da shi ba, labarinsa ta tashi da shi, kamar yadda mu ma muka tashi da shi. Ya fita da ƙafa shi da matarsa da jaki ɗaya da niyyar hajji, ta hanyar da dubban mutane suka bi: Barno, Fort Lami wadda ta zama Injamena, Abeshe, Aljinaina, Alfashir, Al'ubayyid, har bakin Nilu, daga nan Sawakin a jira jirgin ruwa. Hanyar ba ta da adadin kwanaki, domin ba a yin ta a jere. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma, a yi ɗinki ko wanzanci ko koyar da allo, a tara na gaba. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, wuri ya samu da ke riƙe matafiya shekara da shekaru. Can kusa, a bakin Shuɗin Nilu, akwai garin Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da waɗanda suka tsira bayan yaƙin Burmi na 1903. Wasiƙa ɗaya ta ajami ta taɓa zuwa gida daga Baffa ta hannun wani alhaji mai dawowa, yana cewa an yi masa haihuwa biyu, yana nan yana shiri. Daga ita ba a sake ji ba. A gidanmu ba a cewa ya rasu, ba a cewa ya zauna, sai dai a ce yana gabas. Ƙasar da ta cinye masa rayuwa, mun ratsa samanta ƙasa da awa biyu, ana raba mana shinkafa da kaza a ɗan faranti.

Ban faɗi wannan don in yi kukan zamanin da ba. Wanda ya san yawan kaburburan da ke gefen waccan hanya, da waɗanda aka sace aka sayar, da 'ya'yan da aka haifa ba su san ƙofar gidan ubansu ba, ba zai yi marmarinta ba. Masu hali ma tun can suna guje mata. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi hajji bai fuskanci gabas ba. Kudu ya yi zuwa Ikko, ya shiga jirgin ruwa har Ingila, daga can ya nufi Jidda. A taswira ya ninka hanya, a kwanaki kuwa ya rage ta ƙwarai.

Jiragen sama na farko ma da zango suka zo mana. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage 3 na sojan saman Ingila suka sauka a Kano. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso, suka biyo ta Sudan da Chadi suna sauka suna tashi, kusan kwana 6 a hanya, wato hanyar alhazai suka biyo ta baibai. A 1936 aka fara jigilar da ta haɗa Kano da Hartum. Lokacin yaƙin duniya na biyu kuma jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi ta Kano da Maiduguri da Aljinaina da Alfashir suke bi zuwa Masar. Sai da injuna suka yi ƙarfi, tankuna suka yi girma, sannan zangunan suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, har aka kai ranar da zan iya ce wa Goggo daga nan sai Jidda.

Hausa ba ta ƙirƙiro wa wannan sabon abu kalmomi da yawa ba, tsofaffin ta ɗauko ta ɗora masa, kuma in ka saurara da kyau za ka ji suna ɗan ƙara a ƙarƙashin kayan. Jirgi tun asali na ruwa ne, na masunta da masu fito. Da dogo ya iso Kano a 1911 aka ce jirgin ƙasa, da wannan ya zo aka ce na sama, yau kuma in ka ce jirgi kawai shi ake fara kawowa a rai, na asalin shi ne sai an yi masa bayani. Matuƙi ya ajiye filafili ya kama sitiyari. In ana jigilar alhazai sai a ce jirgi ya yi sawu na uku, alhali sawu alamar ƙafa ce a ƙasa, shi kuwa ba ya barin komai sai farin hayaƙin da iska ke sharewa. Guzuri a da ƙuli-ƙuli ne da garin gero da kilishi a burgami, yanzu dala ce a ambulan. Wanda bai bi ta hukumar alhazai ba a ce ya bi jirgin yawo, kamar jirgin yana gantali ne a kasuwa.

Wadda ta fi ba ni tunani ita ce kujera. An ba wane kujera, wance ta biya kujera, kujerun jiha sun ƙare. Tafiyar da aka sani da kaushin ƙafa da sanda da gora, yau sunanta abin zama. Kuma a wannan kalma nake ganin inda nisan ya koma, domin bai mutu ba, wuri ya sauya. A 2023 kujerar hajji a Najeriya ta kusa naira miliyan 3. A 2025 ta haura miliyan 8. Makka ba ta matsa ko taki ɗaya ba, amma ga malamin firamare da ke adashi don ita, ta ƙara nisa kusan ninki uku cikin shekara biyu. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano sun kafa kamfanin jigilar alhazai da aka taƙaita sunansa da WAPA. Kamfanin ya shuɗe, sunan ya zauna a Fagge a kan kasuwar 'yan canji, kuma har yau mai son sanin nisan Makka can ya kamata ya fara zuwa ya tambayi nawa dala ta kwana. Shekarun da Baffa ya yi yana noma a hanya, jikokin tsararsa a gida suke yin su, suna tarawa. Sai a zo ga fasfo da biza da allurar riga-kafi, sai sansanin alhazai, inda maniyyaci zai yi sallama da iyali a yi kuka a rabu, ya kwana biyu a kan tabarma yana jiran jirgi, wani lokaci ya koma gida da daddare a ɓoye don kunyar maƙwabta. Tafiyar awa huɗu da rabi, jiranta kwana uku.

Ita kanta samaniyar da muke gani fayau, a yanke take gunduwa-gunduwa kamar gonakin gado, kowace ƙasa da tata, kuma tana iya rufewa. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a Hartum, aka rufe samaniyar Sudan ana saura makonni a fara jigilar alhazan shekarar. Dole jiragen da ke tashi daga Najeriya suka riƙa kewayawa, lokaci ya ƙaru, mai ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Ba mu kaɗai irin wannan ta taɓa samu ba. Tun da aka rufe wa jiragen Turai samaniyar Rasha a 2022, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga awa 9 da wani abu ta koma wajen 13. Amma tamu ta fi ciwo, domin garuruwan da aka riƙa ambata a labarai ana ƙirga gawarwaki, Aljinaina da Alfashir da Al'ubayyid, su ne zangunan kakanninmu, kuma akwai jininmu a cikinsu. Mun yi zaton mun tsallake Sudan tun da muka daina taka ta. Ashe har a ƙafa 37,000 baƙinta muke, da izininta muke wucewa.

Akwai kalma ɗaya da jirgi bai rage mata nauyi ba, ƙara mata ma ya yi: sauka. Ayari yana sauka, baƙo yana sauka, ɗalibi yana sauke Alƙur'ani, mai ciki tana sauka. Addu'ar da ake yi wa mai juna biyu ita ake yi wa mai shiga jirgi, Allah ya sauke lafiya, domin su biyun suna tsakanin sama da ƙasa ne, ba mai iya taimakonsu da hannu. Kanawa sun san dalili. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 ya taso daga Jidda da alhazai zai kai su Legas, yanayi ya ɓaci a can aka karkato shi Kano, ya yi haɗari a wurin sauka. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu. Sun gama dubban kilomitoci lafiya, 'yan takun ƙarshe ne suka gagara. Hangen Dala ba shiga birni ba, ban san inda wannan karin magana ya taɓa yin ɗaci kamar ranar ba. Su 26 da suka fita kuwa, abin da Bahaushe zai ce a kansu shi ne suna da nisan kwana. Ga nisan nan ya sake dawowa, wannan karon babu allon da zai nuna saura nawa.

Da muka doshi Bahar Maliya aka yi sanarwa cewa saura mintoci kaɗan mu daidaita da miƙati. Maza da yawa tun daga Kano suke cikin harami, suna ta rawar ɗari da sanyin jirgi, wani dattijo a gabanmu ya lulluɓa da bargon da aka raba yana tambayar na kusa da shi ko ya halatta. Miƙati wuri ne a ƙasa, mai suna, mai ruwan wanka, inda ayari ke sauka a yi niyya a natse. A sama ya zama ɗan lokaci, layin da ba a gani, in ka yi gyangyaɗi ya wuce ka. Goggo ta gyara mayafi ta yi niyya, jirgin ya kaure da talbiyya, sai ga teku a ƙarƙashinmu, shuɗi kamar an zuba baba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da gane cewa sai an haɗa awon biyu. A mazhabar Malikiyya ana yin ƙasaru ne in tafiya ta kai barid 4, wato mil 48, abin da malaman yanzu suke ƙiyastawa da kilomita 80 da 'yan kai. Suka kuma fassara shi da tafiyar yini biyu ta raƙuma masu kaya. Lamba ga mai son lamba, gajiya ga mai jin gajiya. Jirginmu yana cinye wannan cikin minti 6, kafin mai rabon shayi ta wuce layi uku. A cikin Muwaɗɗa, ɗaya daga cikin misalan da aka kawo na wannan awo daga Ibn Abbas shi ne tsakanin Makka da Jidda, daidai abin da ya rage mana bayan mun sauka.

Mun sauka ƙarfe huɗu da rabi agogon Jidda. Goggo ta samu lungu ta haɗa azahar da la'asar raka'a bibbiyu, a ƙasa kamar yadda ta so. Daga nan aka shiga layin fasfo, aka ɗauki hoton yatsu, nata suka ƙi fita saboda lalle da shekaru sai da aka yi ta gogawa. Aka jira kaya, jakar wata baiwar Allah ta ɓace aka jira ta, aka jira mota, aka jira ta cika, magariba ta wuce, lisha ta wuce. A cikin motar Goggo ta yi barci da carbi a hannu. Da fitilun Makka suka bayyana wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare na tashe ta. Ta murtsuke ido ta dubi waje, sannan ta dube ni.

"Ɗan nan, ba kai ka ce babu zango ba?"

Kilomita 3,400 sun ci mana awa huɗu da rabi. Barid huɗun Ibn Abbas sun ci shida da rabi.